Bessie Smith da 'yan uwan da suka tsaya mata

Masu ba da tarihin Bessie Smith, sarauniyar waƙoƙin blues ta Amurka, sun fi son farawa daga 1923, shekarar da kamfanin Columbia ya fitar da faifanta na farko, "Downhearted Blues". A ganina sun tsallake tushen labarin, domin tun kafin wani kamfani ya san da zamanta, 'yan uwanta ne suka ɗora ta a hanya. An haife ta wajajen 1894 a Chattanooga, jihar Tennessee. Mahaifinta William, lebura ne mai wa'azi a cocin Baptist, ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta Laura ta bi shi kafin yarinyar ta kai shekara goma. Yayarta Viola ce ta riƙe marayun. Da yunwa ta matsa, Bessie kan tsaya bakin titi tana waƙa, ɗan'uwanta Andrew yana kaɗa mata jita, masu wucewa suna jefa musu sulalla. A 1912 yayanta Clarence, wanda ya riga ya bi ayarin wasan Moses Stokes, ya dawo ya samar mata gurbi a matsayin mai rawa, kuma a can ta haɗu da mawaƙiya Ma Rainey.

Wani zai ce dangin nan sun zame mata kaya daga baya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Da kuɗi suka zauna, ta kwaso yayyenta mata zuwa Philadelphia ta ɗauki nauyinsu. Mijinta Jack Gee, wanda ta aura a 1923, ya zuba kuɗinta a wasan wata mawaƙiya, Gertrude Saunders, har auren ya watse a 1929. Bayan rasuwarta a hatsarin mota kusa da garin Clarksdale a 1937, kabarinta ya zauna babu alama sai 1970.

Amma cin amanar miji daban, haƙƙin zumunci daban. A kudancin Amurka na wancan zamani, otal ɗin Turawa ba ya karɓar baƙar fata, shi ya sa ta mallaki taragon jirgin ƙasa inda ayarinta ke kwana, Clarence kuma yana cikin masu kula da tafiyar. Mace a irin wannan hali, wa za ta amince wa in ba jininta ba? In kuwa ana neman wanda ya fi cin guminta, a dubi Columbia: ta naɗa musu waƙoƙi kusan 160, suna biyanta ladan kowace waƙa sau ɗaya, ba ta da kaso a cinikin faifan.