Wa Ya Kai Kwaɗi Tsibirin Sao Tome?

Tun a 1859 Charles Darwin ya lura cewa tsibiran da suka ɓullo daga tsakiyar teku ba su cika samun kwaɗi ba. Fatar kwaɗo ba ta jure gishiri, ƙwansa kuwa ruwan teku na kashe shi. Sai ga tsibirin Sao Tome, kilomita kusan 250 daga gaɓar Gabon, da kwaɗin da babu irinsu a ko'ina a duniya, har da wata halitta rawaya marar ƙafa, mai kama da tana, wadda mutanen wurin ke kira kobra bobo. To, wa ya kai su?

Da a Bioko ne, tsibirin da Malabo take, ba a jayayya. Kilomita 32 ne tsakaninta da Kamaru, kuma a haɗe suke kafin teku ta cika ta raba su, shekaru kusan 10,000 da suka wuce. Dabbobinta da ƙafa suka je. Sao Tome kuwa dutse mai aman wuta ne ya tashi daga ƙarƙashin teku, bai taɓa haɗuwa da Afirka ba. Ko mutum babu a kansa lokacin da Turawan Fotugal suka sauka wajen 1470.

An zargi jiragen da suka kawo bayi gonakin rake. Gwajin ƙwayoyin gado ya wanke su: kwaɗin sun riga kowane jirgi da shekaru masu ɗimbin yawa.

Mutumin bakin gulbi zai fi saurin gane sauran labarin. Duk wanda ya tsaya bakin gulbi wajen Jega a watan Agusta ya ga yadda ambaliya ke yanko gaɓa, ta tafi da ita ɗungurungum, da burgu da kainuwa da laka, wani sa'in da kwaɗo zaune a kai ko a jikinta. A 2007 wani mai bincike, John Measey, da abokan aikinsa suka ce abin da kogin Kwango ya yi ke nan, amma da itatuwa da tudun ƙasa. Ruwan daɗin da yake kwarara yana shimfiɗuwa a saman na gishiri, ya rage masa kaifi, igiyar ruwa ta tura kayan zuwa tsibirin.

Ruwanmu ma, ta kogin Neja, a wannan tekun yake ƙarewa, har na so a ce kwaɗinmu ne. Amma dangin ɗaya daga cikin kwaɗin tsibirin na kusa a gabashin Afirka aka same su, ta ɓangaren da ruwan Kwango ke fitowa, don haka hujja ta fi karkata ga Kwango.