Tarihin Sake Kalmomi cikin Littattafan Ma'ajiyar Bayanai

Ma'ajiyar bayanai tsari ne na kwamfuta inda ake tara abubuwa kamar sunayen ma'aikata ko lissafin banki. Don gudun hasara, akan sa na'ura guda ta riƙe asali, wasu kuma su dinga kwafe duk abin da aka rubuta mata. Shekaru da dama littattafan jagora na Ingilishi suna kiran ta farin "master", sauran kuwa "slave", watau ubangida da bawa.

Cikin 2003 hukumar gundumar Los Anjelas, a Amurka, ta nemi masu sayar mata da kayan aiki su bar waɗannan kalmomi. Cikin 2014 masu tsara Django da Drupal suka musanya su da "primary" da "replica", watau ta farko da kwafi. Redis ta ɗauki "replica" cikin 2018. Bayan kisan Joj Fuloyid, Baƙar fata, a hannun ɗan sanda cikin watan Mayu na 2020, masu MySQL suka sanar a watan Yuli cewa za su koma ga "source" da "replica", mafari da kwafi.

Gyaran littafi bai yi wuya ba. Wahalar ita ce kalmar tana cikin umurnin da ake buga wa na'ura, in kuwa aka soke ta rana ɗaya, ayyukan da aka gina bisanta sai su tsaya. Saboda haka, a fitowa ta 8.0.22, cikin Oktoba na 2020, MySQL ta kawo umurnin START REPLICA, ta bar START SLAVE yana aiki tare da gargaɗin za a janye shi. Ba a cire shi ba sai a fitowa ta 8.4, cikin Afrilu na 2024.

Akwai kuma sauyin da ruɗani ya jawo. A PostgreSQL akwai wata ma'ajiya mai suna pg_xlog, wadda da ita ake farfaɗo da bayanai in na'ura ta mutu. Ganin "log" a sunan, wasu masu aiki suka ɗauka tarin rahotanni ne marasa amfani, suka share, bayanansu suka lalace. Cikin 2017, a fitowa ta 10, aka mai da sunan pg_wal.

Masu ƙirƙiro kalmomin kimiyya da Hausa suna da darasi a nan: kalmar da ta shiga littafi da hannun ma'aikata, fid da ita yakan ci shekaru, don haka tun ran zaɓe ya kamata a auna ta.