Gure: garin Muniyoma, mangul da dabinon kwari

Gure babban gari ne na gunduma a jihar Damagaram, a kan babbar hanyar kwalta mai lamba 1 da ke zuwa Difa, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram. Mazaunansa na asali Mangawa ne, wato wani reshe na Barebari, amma a kasuwarsa ana jin Hausa da Fulatanci da Tubanci da Buzanci. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gure, Bune, Gidigir, Kelle, Gamu da Alakos. Taskar ma tana cikinta a da, sai a 2011 aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta.

Tarihin garin na haɗe da masarautar Muniyo, wadda ke biyan haraji ga Barno. Sarkinta ana ce masa Muniyoma, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Koso, da ya zauna a Gure a tsakiyar ƙarni na 19, bayan Bune ta daɗe tana riƙe da gadon sarauta. A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a garin kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Koso. Ƙarfin Muniyo bai daɗe ba bayan wannan ziyara: Sarkin Damagaram Tanimu, mai igwa da bindigogi, ya mamaye ƙasar. Da Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka kafa bariki a Gure.

Matafiyin da ke cikin mota ba zai ga arzikin wannan ƙasa daga bakin kwalta ba. Abin da ido ke gani tuddan rairayi ne da duwatsu, ga shi ruwan sama bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba. Arzikin yana ɓoye ne a cikin kwaruruka, ramuka masu faɗi tsakanin tuddai inda ruwan ƙasa ke kusa. Kowane kwari da tsarinsa: goruba a baki, dabino a ciki, sai garake na rogo da rake da albasa da kabeji, can tsakiya kuma fili fari fat na kanwa.

Daga wannan farin fili ne ake samun abin da ya kai sunan ƙasar Manga nesa. Ana kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, sa'annan a dafa ruwan a cikin ƙananan tukwanen yumɓu a kan murhu har ya daskare. A fasa tukunya, a fito da curin gishiri. Shi ne mangul. Aiki ne na rani, mai cin itace da ƙarfin jiki. Shekaru aru-aru ayarin jakuna da takarkari da raƙuma suna kai mangul da kanwa Kano da sauran kasuwannin ƙasar Hausa, su komo da hatsi da tufafi. Uwargidan da ke jefa kanwa cikin miyar kuɓewa ko tukunyar wake, da makiyayin da ke ba shanunsa ita, duk suna cikin wannan tsohon ciniki ko ba su sani ba. Yau manyan motoci ne ke ɗaukar buhunan.

Dabinon Manga shi ma da halinsa. Saɓanin na Kawar da na Ayar, bishiyar nan takan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, kuma babban girbin yana faɗowa daf da damina. Saboda damshi yana ɓata shi, yawanci ɗanye ake cirewa a sayar da gaggawa, abin da ke karya farashi a hannun mai garka.

Abincin gida na gero ne: tuwo da miyar kuka, burabusko irin na Barebari, da fura da nonon da Fulani ke kawowa. A ranar kasuwar Gidigir ko ta Subdu, inda ake cinikin dabbobi, ba a rasa gasasshen nama da cuku da shayi zagaye uku. A Faransa, giya da cuku suna ɗaukar sunan ƙauyen da ya yi su, kuma doka ce ke kare sunan tun 1935 game da giya. Nijar ta bi irin wannan hanya da kilishi da albasar Galmi, waɗanda aka yi wa rajista a hukumar OAPI. Mangul da dabinon Manga sun cancanci a yi musu wannan gata.

Sai dai rairayi ba ya jiran takarda. Tun farin shekarun 1970 da 1980, da sare itatuwa da yawan kiwo, tuddai suka tashi suna tafiya da iska, suna binne garake da rijiyoyi, wani lokaci har da kwalta. Maganin da aka fi yi shi ne kafa shingaye na kalumbo ko rassan goruba a kan tudu, a dasa itatuwa a tsakaninsu, a hana dabbobi shiga har sai ciyawa ta kama. Inda mutanen gari suka tsare wurin, tudun yakan tsaya cikin 'yan shekaru.

Mai son ziyara ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin sanyi da kayan garka. Shiga kwaruruka sai da mota mai jan ƙafa huɗu ko amalanke, da ɗan gari mai nuna hanya.