Tsohuwar Hular Kwano: Duba Kafin Ka Sayar

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, wataƙila ka taɓa ganin tsohuwar hular kwano a ruga ana ba kaji ruwa a ciki, ko a tarin 'yan gwangwan. Kafin a ɗora ta a sikeli, tsaya ka duba. Siffarta na faɗin wanda ya sa ta.

Kakanninmu kwalkwali suka sani. Hular ƙarfen sojan zamani kuwa yaƙin duniya na farko ne ya kawo ta, saboda ɓaraguzan bom da ke fasa kan sojoji a ramuka. Faransa ce ta fara a 1915 da hular Adrian. Za ka gane ta da zanko a sama irin na zakara, da tambari a goshi. In tambarin ƙugiyar jirgin ruwa ne, to ta rundunar mulkin mallaka ce, wadda ta ɗebi samari a Nijar da Chadi.

Ta Ingila, wato Brodie, kamar tasa take mai faɗin baki. Ita suka sa har yaƙin Hitila, lokacin da aka kai 'yan Nijeriya Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Juya ta ka duba ƙarƙashin bakin, sau da yawa akwai shekara da haruffan masana'anta. In baƙa ce da farin harafin W, ta masu gadin unguwa ce a biranen Ingila lokacin ruwan bom.

Ta Jamus mai rufe kunne da ƙeya a 1916 ta fito, a fagen Turai. Sojan Jamus na dutsen Mora a Kamaru kuwa a kewaye suke tun 1914, har suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. To wanda ya ce a Mora ya tono maka ita, shaci-faɗi yake.

Kar ka goge ta da yashi, kar ka shafa mata fenti, masu saye tsohon launin suke nema. In a daji ka gan ta, musamman arewacin Chadi ko bakin tafki, kora dabbobinka ka wuce, inda hula take nakiya ba ta nisa. Kar kuma ka tsallaka iyaka da ita ba ka nuna wa jami'ai ba, kayan soja ne.

In ta kakanka ce, tambayi dattawa inda ya yi yaƙi tun suna raye, ka adana ta.