Harajin Shigo da Abinci da Manomin Yankin Sheme: Nazari kan Lokacin da Ake Sauya Manufa, 2013 zuwa 2025

Tsakure

An daɗe ana muhawara kan harajin shigo da kaya tsakanin masu ganin yana raya noma da masana'antun gida da masu ganin talaka ne ke biyansa a kasuwa. Wannan maƙala ta kai muhawarar yankin Sheme, wato ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a jihar Katsina, ta bi matakan da gwamnatin tarayya ta ɗauka kan shinkafa da masara daga 2013 zuwa 2025. Ta gano cewa lokacin da ake sauya harajin ya fi adadinsa tasiri ga ƙaramin manomi, kuma ribar kāriyar takan tafi ga mai ƙarfin ajiya. Ta kuma nuna cewa rufe iyaka don tanƙwara maƙwabta bai cim ma manufarsa ba.

1.0 Gabatarwa

Sheme na kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, inda hanyar Ƙanƙara ta ɓalle, kuma kasuwarta ta yi suna wajen dabbobi. Ƙasar da ke kewaye da ita, har zuwa Ɗandume da Sabuwa, ƙasar masara ce da dawa da waken soya da auduga, ga shinkafa a fadamu. Duk sa'ad da Abuja ta ƙara haraji kan abincin waje ko ta rufe iyaka, da sunan irin waɗannan manoma take yi. Tambayar da ta dace ita ce ko kāriyar tana isa gare su, in kuma ba ta isa ba, a hannun wa take tsayawa.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ra'ayin David Ricardo na 1817, cewa kowace ƙasa ta riƙi abin da ta fi iyawa ta sayi saura, sananne ne, ba sai an tsaya a kansa ba. Binciken Amiti da Redding da Weinstein na 2019 ya ƙarfafa magoya bayansa, domin ya nuna kusan dukkan nauyin harajin da Amurka ta ƙaƙaba a 2018 a kan masu saye na cikin Amurka ya faɗa.

Waɗanda nake jayayya da su su ne masu kafa hujja da Friedrich List (1841) da Ha-Joon Chang (2002), kuma su ne suka fi yawa a jami'o'inmu da jaridunmu na Arewa. Hujjarsu ita ce Ingila da Amurka da Jamus da Koriya ta Kudu duk sun girma a bayan katangar haraji, sai da suka yi ƙarfi suka fara wa'azin buɗe kasuwa. Wannan tarihi gaskiya ne, ban musa ba. Abin da suke tsallakewa shi ne sharaɗin da Alice Amsden (1989) ta fito da shi a nazarinta kan Koriya: gwamnati na ba kamfani kāriya ne bisa ƙa'idar da za a auna shi da ita, musamman yawan abin da ya fitar waje, kuma manufar na ɗorewa shekara da shekaru. Wace kāriya ce a Nijeriya ta taɓa zuwa da irin wannan sharaɗi? Masaƙun Kaduna sun ci gajiyar haramcin shigo da yadi na tsawon lokaci, amma rashin wuta da tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su. Babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, noman audugar Funtuwa kuma ya ja baya tare da su.

Akwai kuma rukuni na uku da ya fi kusa da batunmu. Grégoire (1986) ya bi diddigin alhazan Maraɗi da dukiyar da suka tara daga kayan da ake wucewa da su Nijeriya. Igué da Soulé (1992), sannan Golub (2012), sun nuna yadda Benin ta mai da shigo da abin da Nijeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji wata babbar hanyar samun kuɗin shiga. Waɗannan ayyuka sun tsaya a bakin iyaka. Ba su biyo buhun zuwa kasuwar ƙauye ba.

3.0 Hanyar Bincike

An tattara sanarwar gwamnatin tarayya da Babban Bankin Nijeriya da Hukumar Kwastan, da alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, aka jera su kusa da kalandar noma ta yankin. An haɗa da lura da tattaunawa da manoma da dillalan hatsi a kasuwannin Sheme da Ɗandume. Saboda halin tsaro, ba a ambaci sunan kowa ba.

4.0 Sakamako

4.1 Jerin matakan

A Janairun 2013 harajin shinkafa ya kai kashi 110 cikin 100. A 2014 aka sassauta shi zuwa kashi 30 ga masu injinan casa da suka zuba jari a noma, da kashi 70 ga sauran 'yan kasuwa. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana kayayyaki 41 samun dala a farashin gwamnati, har da shinkafa. A 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin tudu. Ranar 20 ga Agustan 2019 aka rufe iyakokin. An buɗe huɗu a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai Afrilun 2022. A Yulin 2020 aka hana masu shigo da masara dala, kafin kaka ta kama kuma aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A Oktoban 2023 aka janye takunkumin dalar. A Yulin 2024, bayan hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yuni, aka sanar da dakatar da haraji kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba har tsawon kwana 150.

4.2 Lokacin sauyi da kalandar manomi

Nan ne gundarin binciken. Manomin Faskari ko Sabuwa yana yanke shawararsa ta shekara tun bazara. A watan Afrilu da Mayu yake ƙayyade ko masara zai shuka ko dawa ko waken soya, kuma farashin da ya gani a kasuwa a lokacin ne ke yi masa jagora. Masara amfanin gona ce mai cin taki. In ba ta sha kamfa da yuriya ba, ba ta yin komai. Don haka wanda ya zaɓe ta ya riga ya sayar da ɗan bijimi ko tunkiya a Sheme, ko ya ci bashin da zai biya da kaka, tun kafin ruwa ya zauna. Daga huɗa zuwa noman farko zuwa maimai, kuɗi fita kawai suke yi. Zuwa tsakiyar Yuli babu sauran ja da baya.

A duba watannin da aka sanar da matakan da suka shafi masara: Yulin 2020, Satumban 2020, Oktoban 2023, Yulin 2024. Babu ko ɗaya da ya zo kafin shuka. Hanin Yulin 2020 ya zo bayan an gama shuka, ba wanda zai iya ƙara gona saboda shi. Wanda ya amfana shi ne mai tsohuwar masara a sito, domin farashi ya tashi a hannunsa. Izinin Satumba kuwa ya zo daidai lokacin da sabuwar masara ke shirin shiga kasuwa. Wato an ɗaga farashi lokacin da manomi yake saye, aka sassauto da shi lokacin da zai sayar. Haka aka maimaita a 2024: manomi ya sayi taki da tsada bisa tsadar masarar da ya gani a bazara, sannan aka buɗe ƙofa yana tsakiyar damina.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati na motsawa ne idan kukan tsada ya yi yawa a birane, kukan kuwa a watannin Yuni zuwa Agusta yake tsananta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Matakin da aka ɗauka a Yuli sai ya ɗauki watanni kafin jirgin ruwa ya sauke kaya a Legas. Kafin nan yunwar damina ta wuce, kayan sun zo sun tarar da kaka.

A nan ne ya kamata a gyara wani kuskure da masu goyon bayan haraji ke yi, na ɗaukar manomi a matsayin mai sayarwa kawai. Ƙaramin manomi a wannan yanki mai sayarwa ne wata uku, mai saye ne da damina. Da kaka za ka gan shi ya ɗauro buhu biyu a bayan babur, dillali ya caka buhun ya duba ƙwaya ya yanka farashi, shi kuwa ba ya da bakin ja, domin mai bashi na jira, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka ɗaga sai kaka. Buhunan su hau babbar mota zuwa sito a Funtuwa ko Dawanau ta Kano, ko kamfanonin abincin kaji. Watan Yuli ya dawo kasuwar nan da 'yar jaka yana awon tiya. Duk harajin da ya ɗaga farashi a damina, daga aljihunsa ake cira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sharuɗɗan rangwamen 2024 ma sun nuna wa aka nufa. Jagorar Hukumar Kwastan ta buƙaci mai shigo da shinkafa ya mallaki injin da ke iya sarrafa aƙalla tan 100 a rana. Ko an rufe ƙofa ko an buɗe, manyan kamfanoni ke riƙe da mabuɗin. A kakar 2025 kuwa, kukan da ya cika kasuwannin yankin shi ne kuɗin buhun masara mai kilo 100 bai isa sayen buhun taki mai kilo 50 ba, kuma manoma da yawa na maganar komawa dawa da waken soya, waɗanda ba sa neman taki sosai. Idan hakan ya tabbata, masara za ta yi ƙaranci, farashi ya tashi, a sake buɗe ƙofa a wani Yulin.

4.3 Harajin da ba ya cikin kundin kwastan

Ba zai yiwu a yi maganar kāre manomin Sheme daga masarar waje ba alhali gonarsa ta gagare shi. A wurare da dama 'yan bindiga na karɓar kuɗi kafin a yi noma, su sake karɓa kafin a girbe. A Disamban 2020, ana cikin rufin iyaka, aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Dokar tsaro da gwamnatin jiha ta kafa a ƙarshen Agustan 2021 ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Ko da an yarda tilas ce ta sa, sakamakon shi ne manomi ya rasa inda zai sayar da dabba ya sayi taki. Hujjar masu goyon bayan haraji ta ginu ne a kan cewa tsada za ta sa mai noma ya ƙara noma. Wanda ya bar gonarsa ta daji ya koma gefen gari ba zai iya amsa wannan kira ba, komai tsadar.

5.0 Haraji da Rufe Iyaka a Matsayin Siyasar Waje

An rufe iyaka a 2019 ne don a tilasta wa Benin da Nijar su hana fasa-ƙwauri, makonni kaɗan bayan Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yamai. Shinkafa 'yar waje ba ta ɓace daga kasuwar Katsina ba. Ta bar babbar hanya ta koma kan babura ta ɓarauniyar hanya, kuɗin hanya ya hau kanta. Hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamban 2020. Gaskiya ne injinan casa sun yawaita a Kano da Kebbi a waɗannan shekaru, kuma shinkafar gida ta inganta. Wannan riba ce ta haƙiƙa, sai dai ta masu injin ce fiye da masu fadama.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake rufe iyakar, aka yanke wutar da ake ba ta. Sojojin ba su sauka ba. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS, a Fabrairu aka janye takunkumin, a Maris Nijeriya ta buɗe iyaka. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsinta sai zuwa ƙawayenta biyu. Wanda ya ji jiki shi ne falken da ke kai masara Maraɗi ya dawo da dabbobi da wake, ɗan uwan wanda ke can ta jini da aure.

6.0 Iyakokin Bincike

Za a ce faɗuwar farashin 2025 ba rangwamen haraji kaɗai ya jawo ta ba, akwai kyan damina da daidaituwar naira da hatsin da masu sito suka fito da shi. Haka ne, kuma wannan nazari bai raba gudummawar kowane ɗaya ba. Za a kuma ce annobar korona ta shiga cikin alƙaluman 2020, kuma ƙauyukan da tsaro ya fi taɓarɓarewa ba su samu wakilci ba. Duk wannan bai taɓa jerin watannin da ke sashe na 4.2 ba, domin ranakun sanarwa a rubuce suke, lokacin shuka kuma sananne ne. Abin da nazarin ya ba da damar nema shi ne doka ta wajabta sanar da duk wani sauyin haraji kan hatsi kafin ƙarshen Maris, ya kuma tsaya aƙalla damina uku, sannan a riƙa rubuta farashin masara da taki mako-mako a Sheme da Ɗandume domin mai bincike na gaba ya auna abin da adadi.