Wasan Gizo da ya cinye dukiya a Amurka

Ƴan uwa masu karatu na Magariya da Dungas, manyan cikinku ba su manta da wasannin samariya na zamanin Saini Kunce ba. Zane da kalangu da filin gari sun isa a tara jama'a. To, yau ga tarihin wani wasa mai waƙa da rawa. An zuba masa dukiya mai yawa, amma ya faɗi.

A birnin Niyu Yok na Amurka akwai manyan ɗakunan wasa. Sai ka biya kuɗi kafin ka shiga kallo. Can ne wani mai shirya wasanni, Tony Adams, ya yi niyyar yin wasan Spider-Man. Labarin wani saurayi ne da gizo-gizo ya cije shi, ya koma yana hawan bango yana lilo da zare. Adams ya gayyato Bono da Edge, mawaƙan ƙungiyar U2. Su kuma suka ɗauko Julie Taymor, gwanar tsara wasa, ta ja ragamar aikin.

A 2005 Adams ya rasu kwatsam. A 2009 kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya, sai da aka nemo sababbin masu zuba kuɗi. Abin da aka kashe ya kai dalar Amurka miliyan 75. Kada ku ɗauka irin dalarmu ce ta sefa 5. Wannan kuɗi ya fi miliyar 30 na sefa.

Me ya ci kuɗin? Wani kaso babba ya tafi ga gyaran ɗaki da injuna da igiyoyi, don ana so ƴan wasa su riƙa tashi sama bisa kawunan ƴan kallo. Shi kuwa labarin bai nuna ba. An cusa masa wata tatsuniyar Girka, ƴan kallo suka rasa kansa.

Ran 28 ga Nuwamba 2010 aka yi wasan gwaji na farko gaban mutanen da suka biya kuɗinsu. An yi ta tsaida wasan, har wani ɗan wasa ya maƙale a sama yana reto. Ran 20 ga Disamba wani ya faɗo daga tsawon da ya fi mita 6, don ba a ɗaure igiyarsa daidai ba. Haƙarƙarinsa suka karye, ƙashin kansa ya tsage. Allah ya yi da sauran kwanansa.

A watan Maris 2011 aka sauke Taymor, aka sake rubuta labarin. Daga baya ta kai masu wasan ƙara kotu. Sai ran 14 ga Yuni 2011 aka buɗe wasan sosai, bayan gwaji 182.

Mutane sun zo kallo da yawa. Amma kowane mako sai an kashe fiye da dalar Amurka miliyan 1 kafin a yi wasan. A 2013 inji ya datse ƙafar wani ɗan rawa. Ran 4 ga Janairu 2014 aka rufe wasan. Masu kuɗi ba su maida uwar kuɗinsu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan mutane sun kira ƴan kallo alhali labari da igiya duk ba su shirya ba, kuma ƴan wasa ne suka biya da jikinsu. Idan ƙungiyarku za ta gina rumbun tsimi ko ta haƙa rijiya, ku fara yin shawara. Ku rubuta abin da aikin zai ci, da abin da zai riƙa ci bayan an gama. Wanda zai shiga rijiya kuma, a duba igiyarsa tukuna.