Kangon Majami'ar Gary: Ƙarfe Ne Ya Kashe Ta, Ko Masu Ita?

Da kamfanin Nippon Steel na Japan ya kammala sayen kamfanin ƙarfe na US Steel a watan Yunin 2025, sunan birnin Gary da ke jihar Indiyana ta Amurka ya sake dawowa bakin 'yan jarida. Kuma kamar kullum, hoton da suka fi ɗauka shi ne na wani kango a titin Washington: majami'ar City Methodist, rufinta ya rufta, tagogi ba gilashi, ciyawa da ƙananan bishiyoyi sun tsiro a inda masu ibada ke zama a da.

Garin kansa ɗan jiya ne. Kafin 1906 ba komai a wurin sai tuddan rairayi da fadama a bakin tafkin Michigan. US Steel ne ya kafa masana'antarsa, ya yanka filaye, ya raɗa wa garin sunan shugabansa, Elbert Gary. Ma'aikata suka kwararo daga gabashin Turai, daga baya baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka biyo sahu, ciki har da mahaifin Michael Jackson, mawaƙin da aka haifa a garin a 1958.

Majami'ar kuwa burin mutum ɗaya ce, Rabaran William Seaman. So yake a gina abin da zai wayar da garin da mashaya suka yi wa katutu, sai ya shawo kan kamfanin ya zuba dala 385,000. Aka buɗe ta a 1926, ginin farar dutsen Indiyana mai hawa 9, da zauren taro mai ɗaukar mutum kusan 1,000, da filin motsa jiki, da azuzuwa, har da shaguna a ƙasa waɗanda aka sa ran kuɗin hayarsu zai riƙe ginin. Bai riƙe ba. Bashi ya yi wa majami'ar kanta tun daga fari, shi kuma Seaman, wanda ya fito fili ya soki ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, bai daɗe ba aka ɗauke shi zuwa jihar Ohio a 1929.

Abin da aka saba faɗa shi ne karyewar kasuwar ƙarfe ce ta kashe majami'ar. Bayanin yana da daɗin ji domin bai ɗora wa kowa laifi ba, amma lissafin shekaru bai goyi bayansa ba. A shekarun 1950 mambobinta sun haura 3,000. Zuwa 1973 sun koma 'yan ɗari uku da ɗoriya, alhali a lokacin masana'antar Gary tana ɗauke da ma'aikata dubun-dubata. Babbar sallamar ma'aikata sai a shekarun 1980 ta zo, ta tarar an riga an garƙame ƙofa tun 1975.

To ina mutanen suka tafi? Ba nisa. A 1967 aka zaɓi Richard Hatcher magajin gari, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka shugabanci babban birni a Amurka, fararen fata kuwa suka ƙara ƙaimi wajen tattara komatsansu zuwa unguwannin bayan gari irin su Merrillville. Majami'ar, wadda ta shafe shekaru a matsayin ta fararen fata, ba ta da saiwa a cikin maƙwabtan da suka rage. Masu cewa tsadar kula da ginin ce matsalar suna da tasu gaskiyar, sai dai ginin bai fi ƙarfin aljihu ba lokacin da kujeru ke cike.

Wata gobara a 1997 ta cinye wani sashe na ginin, ɓarayi suka kwashe abin da ya yi saura. Mutanen garin da suka kai 178,000 a 1960 suka koma ƙasa da 70,000 a ƙidayar 2020.

Yau kangon ya fi samun baƙi masu kyamara. An ɗauki wasu fitowa na fim ɗin Transformers na 2011 a ciki, kuma a 2017 gidauniyar Knight ta ba da tallafin dala 163,000 da 'yan kai domin a mayar da wurin lambun kango, a bar bangayen a tsaye a shuka furanni a tsakaninsu.